Kilishin Da Maharazu Ya Ba Matarsa

Maharazu ne ya naɗe bindiga da hannunsa, ya barbaɗe ta da yaji, ya ce kilishi ne, ya saka a jakar matarsa ranar da za ta raka 'yan makaranta. Shi ne, ba wani ba. Duk wanda ya ce muku Karimatu ce ta jawo wa kanta, ku ce masa ya ji tsoron Allah, kabari ba shi da taga.

A flat ɗinsu na Tottenham, cikin London, abin ya faro, irin gidajen nan da kake jin tarin maƙwabcinka ta bango amma ba wanda ke jin kukan matar gida. Atamfa Karimatu ta hau kujera za ta ɗauko, akwai suna a Catford. Ta sauko da akwatin lefenta daga saman wardirob, ta zura hannu ƙarƙashin zannuwa, sai ta taɓo wani abu mai nauyi a cikin safar ƙwallo. Ta san safar. Ita ke wanke ta. Ta Masawudu ce, ƙanin mijinta, wanda ya zo karatu, karatun ya watse, ya tare a doguwar kujerar falo yana barcin rana, yana cinye naman miya.

Ta leƙa bakin safar. Bindiga ce. Ta zauna a bakin gado.

Da Maharazu ya dawo daga aiki ta ja shi ɗaki ta rufe ƙofa.

"Abban Humaira, dubi abin da na tsinta a cikin kayana."

Ya duba. Ko gezau. Wannan rashin firgitar nasa ne ya fi tsinka mata zuciya a kan bindigar kanta.

"Wa ya ce ki taɓa?"

"Akwatina ne fa."

"Ajiya ce. Wani abokin Masawudu ne ya ba shi, kwana biyu zai zo ya karɓi abinsa. Mayar ki rufe."

"A gidan da yara ke wasa? Ahmad ba inda ba ya hawa. Jiya a saman firij na kamo shi."

"To ki daina barinsa yana hawa. Karima, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kada in ji maganar nan a bakin kowa."

Ya cire agogo, ya yi alwala, ya shimfiɗa darduma a gefen akwatin ya tayar da salla. Maharazu ke nan. Shi ne sakataren ƙungiyar 'yan Arewa na unguwar. Shi ke tashi a wajen taro ya ja kunnen iyaye a kan tarbiyya, har mata su riƙa ce wa Karimatu ta yi dace.

Kwana biyun ya wuce, ya zama mako, ya zama makonni. Karimatu ta daina barin ƙofar ɗaki a buɗe. In tana girki kunnenta na ɗaki. In Ahmad ya yi shiru sai ta saki muciya ta ruga. Ta ƙona shinkafa har Masawudu ya ɗaga murfin tukunya ya ce, "Matar Yaya, yau kuma gawayi za mu ci? Ko a kawo miki mai taya ki?" Da can za ta rama, don akwai wasa a tsakaninsu. Ranar kallonsa kawai ta yi, ya ɗauki farantinsa ya koma gaban talabijin.

Sai kuma wata baƙar mota ta fara fakawa a bakin titinsu. Samari ne a ciki, huluna a rufe da goshi. Ba sa fitowa, ba sa tafiya. Masawudu, da ba ya wuni a gida in yamma ta yi, ya daina leƙa ko baranda. Ya riƙa ɗaga gefen labule yana saki.

Wata rana Karimatu ta ɗauko Humaira daga makaranta, suna tafe, yarinyar ta riga ta gaba kaɗan tana tsalle a kan layin kwalta. Gilashin motar ya sauka. Wani mai tabo a gira ya leƙo, yana murmushi.

"Humaira, yeah? Say hi to your uncle."

Yarinyar ta juyo da murna. "Mama, he knows my name!"

Karimatu ta damƙi hannunta har sai da ta yi ƙara. Ba ta san yadda suka hau bene ba.

Ta tarar da su biyun a falo, wa da ƙani, kai a haɗe. Ta faɗa musu. Ta ce a fitar da abin nan yau, ko a kai wa 'yan sanda, ko a jefa a kogi, ita dai a raba ta da shi.

"'Yan sanda?" Maharazu ya miƙe. "Ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya zan miƙa wa 'yan sandan Turawa? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kuma bari ki ji, takardar zamanki a ƙasar nan a jikin tawa take rataye. In na faɗi kin faɗi. Su kuma yaran 'yan social, hukumar kula da yara, su kwashe, su kai su gidan da ake cin naman alade. Abin da kike so ke nan?"

Ta kira Hajiya a Kano, uwar mijinta, tana zaton ko uwa za ta tsorata da jin an san sunan jikarta. Hajiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ke yarinya, mace tufar gida ce. Masawudu yaro ne, sharrin abokai ne. Na sa a yi masa sauka. Ke dai ki rufa wa 'ya'yana asiri, Allah ya rufa miki." Ta kashe waya.

Ta je wajen Alhaji Is'haq, dattijon da ake kai wa ƙara a ƙungiya. Ba ta ma kai ga ambaton bindiga ba, ta ce dai akwai abin tsoro a gidan. Ya ɗaga hannu. "A'a, a'a, 'yata. Tsakanin miji da mata sai Allah. Maharazun da na sani ba zai bar ɓarna a gidansa ba. Ki yi haƙuri, ki yawaita addu'a." Ya sa aka zuba mata dabino a leda.

Haƙuri. Kowa haƙuri yake ba ta, kamar haƙuri yana tare harsashi.

Ana cikin haka makarantar su Humaira ta shirya fita. Za a kai ajinsu wata 'yar gona kusa da Whitechapel su ga awaki da kaji. Yaran London ke nan, sai an hau jirgin ƙasa biyu kafin a nuna musu akuya. Tun kafin wannan masifa Karimatu ta ba da sunanta cikin iyayen da za su yi rakiya, don Humaira ta daɗe tana ƙorafin iyayen kowa na zuwa ban da nata. Yanzu ta ce ba za su je ba, daga ita har yarinyar.

Abin mamaki, Maharazu ne ya ce a je. "Kin yi wa makaranta alkawari. In kika fasa sai su fara tambaya."

Washegari da hantsi, yara sun tafi, tana wanke-wanke, Masawudu ya shigo kicin. Safar na hannunsa. Ya yi ƙasa da murya, ya sa fuskar tausayi.

"Matar Yaya, ni na jawo, na sani. Amma mutanen nan ba su da imani. Sun san makarantar, sun san ranar fitar. A titi za ku bi da yara, ba gini, ba ƙofa. Malaman nan me za su iya? Su busa usur? Ki saka wannan a jaka. Ba sai kin harba ba, wallahi nunawa kawai za ki yi su watse. Wa zai binciki mace mai hijabi a tsakiyar yara?"

"Ka haukace ne?"

"Riƙe ki ji. Ba ta da wani nauyi."

Ya kama gindin safar ya zazzage ta a tafin hannunta, hannun da ko bushewa bai yi ba. Shi bai taɓa ƙarfen ba. Ta lura da haka a lokacin, amma ba ta kawo komai a ranta ba.

Kada wanda ya ce Karimatu ba ta yi tunanin ɗauka ba. Ta yi. Uwa ce. Ya fita ya bar ta tsaye da abin a hannu, ta juya shi, ta sa yatsa inda ta ga ana sawa a fim. Ta hango mai tabon nan ya fito daga mota ya nufi Humaira, ita kuma ba ta da komai sai robar ruwa da tishu. Ta hango kanta tana ihu da Turancin da bai ishe ta ba, mutane na wucewa kowa ido a waya. Zuciyarta ta ce mata, ɗauki. Wadda ta haifa ta fi doka. In an kama ki an kama ki, ita dai ta rayu.

Kwanakin da suka biyo baya da wannan tunanin take tashi, da shi take wuni. Ta ɗauko jakar da za ta riƙe ta duba aljihun ciki, ta ga zai ɗauka. Ta mayar. Ta sake ɗaukowa. Abinci ya daina wuce mata. A salla sai ta rasa raka'a ta nawa take. Ta tambayi Maharazu ra'ayinsa, ya ɗaga kafaɗa, idonsa na kan waya. "Ke ce uwa. Ni ban ce ki ɗauka ba, ban ce ki bari ba."

Abin da ya yanke mata shawara ƙaramin abu ne. Ana gobe fitar, a bakin makaranta, ƙawar Humaira, wata 'yar Ibo mai suna Marvellous, ta rugo ta rungume ta kamar yadda ta saba, kafin ka ce kwabo hannunta na cikin jakar Karimatu har gwiwa.

"Aunty, where's my sweet?"

Haka suke yi mata, su duka. Ita ta saba musu da alawa. Jakarta ba tata ba ce, ta ajin ce. Karimatu ta tsaya tana kallon ɗan hannun nan yana lalube tsakanin makullai da carbi, sai ta hango bindigar a wurin.

Ta koma gida ta same su. Ta tsaya a gaban Maharazu da Masawudu.

"Ba zan ɗauka ba. Ban iya ba, kuma ko na iya ba zan shiga cikin 'ya'yan mutane da ita ba. Amana aka ba ni. Kuma in na dawo gobe na tarar da abin nan a gidan nan, ni da kaina zan kira 'yan sanda, a kore ni daga ƙasar in an ga dama."

Wa da ƙani suka dubi juna. Ta yi zaton tashin hankali. Sai Maharazu ya yi murmushi, irin wanda ta daɗe ba ta gani ba.

"Kin yi gaskiya, Karima. Shaiɗan ne. Yau ɗin nan za a fitar da ita."

Da safe ta hau kujera ta duba akwatin. Babu safa, babu komai. Ta yi hamdala har da hawaye. Ta soya ƙwai, ta yi wa Humaira kitso biyu, har tana 'yar waƙa. Tana saka takalmi Maharazu ya fito da wani ƙunshi a baƙar leda, an nannaɗe shi da salatif mai ruwan ƙasa ta ko'ina, ƙamshin yaji da ƙuli-ƙuli na tashi.

"Af, na kusa mantawa. Saƙo ne daga Kano, kilishi da yaji, na matar wani Aziz, ciki ne da ita tana ta kwaɗayi. A Whitechapel yake aiki. Na ce masa ta nan za ku fita, zai tsaya a bakin tasha. Miƙa masa kawai za ki yi."

Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san saƙo. Ba mai zuwa daga gida hannu rabbana. Wannan ya ba ka daddawa ka kai wa 'yarsa, wancan ya ba ka kuka, kowanne a naɗe da leda bisa leda don kada wari ya fita a jirgi. Kuma ba a buɗe saƙo. Wanda ya buɗe saƙon wani ya zubar da mutuncinsa, har abada ana nuna shi. Karimatu ta kai saƙon mutane ba adadi, ba ta taɓa ko matsa ɗaya ba. Balle wanda mijinta ya miƙo mata da hannunsa, da safiyar da ta ga ya dawo mutum. Shi ya buɗe jakar ya tura ƙunshin can ƙasa, ya ɗora robar ruwa a kai, ya ja zif.

"Allah ya tsare," in ji shi. Har ya shafa kan Humaira.

Aka jera yara biyu-biyu, kowa da 'yar rigarsa mai ɗaukar ido. Malamar aji na gaba. A tsakiya akwai Malam Fatawu, mataimakinta, mutumin Zangon Kumasi, mai barkwanci. Karimatu ce a baya, ita ke tare masu nawa. Ta waiga ta waiga, ba baƙar mota. Ta ji iska ta shige ta.

A cikin jirgi ne jakar ta fara damunta. Ta ɗora ta a cinya, sai ta ji nauyin ya taru wuri guda. Kilishi ba ya haka. Kilishi shimfiɗe yake, sakayau. Ta ce a ranta ƙila yajin ne da yawa. Ta kau da kai ta kalli taga.

"Aunty, sweet!"

Marvellous ce, ta riga ta ja zif. Hannunta ya wuce robar ruwa, ya kamo ƙunshin, tana ƙoƙarin jawo shi da hannu biyu.

"What's this? It's so heavy. It smells like suya!"

Karimatu ta fizge jakar da ƙarfin da ya sa yarinyar ta koma kujera ta ɓata fuska. Ta zura nata hannun. A karo na farko a rayuwarta ta matsa saƙon wani. Ƙarƙashin leda akwai kilishi, gaskiya ne, falle biyu ko uku, ya karye a yatsunta. Ƙarƙashin kilishin kuma akwai abin da hannunta ya riga ya sani. Dogon ƙarfe, lanƙwasa, ramin yatsa.

Jirgi na gudu, yara na waƙa, Humaira na nuna wa ƙawayenta uwarta. Karimatu ta rungume jakar a ƙirji. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk wanda ya kalle ta sai ta ga kamar ya sani. Ba ta san ko da harsashi a ciki ba. Ba ta san ko girgizar jirgi na iya tayar da ita ba. Ta juya bakin jakar ya kalli ƙasa, sai ta tuna ba ta ma san ina bakin bindigar ya dosa ba, ko ƙasa, ko cikinta, ko yaron da ke gefenta yana cin biskit.

Malam Fatawu ya matso, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji. "Mma Humaira, lafiya? Fuskanka ya canza. Ko tsoron akuya kana ji?"

Ta ƙara ƙanƙame jakar.

Suka sauka a Whitechapel, suka hau sama. Tun daga nesa, ta bayan ƙofofin tikiti, ta hango shi. Yana jingine da bango, hula a goshi, tabo a gira. Ya ɗaga mata hannu kamar ɗan'uwa. Aziz ke nan, mai mata mai ciki.

Nan komai ya faɗo mata a lokaci guda. Ba farautar Masawudu suke ba, kayansu suke jira. Su ba za su hau bene su karɓa ba, su Maharazu ba za su sauko da ita ba, kowa na tsoron idon 'yan sanda. Shi ya sa aka tsorata ta da sunan 'yarta. Shi ya sa aka ce lallai a je gona. Da tsoro bai sa ta ɗauka ba, sai aka bi ta hanyar kunya. Wa zai binciki mace mai hijabi a tsakiyar yara?

Taku kaɗan ne tsakaninta da shi. In ta miƙa ta wuce, a je a ga awaki, a koma gida, ba wanda zai sani. Motar za ta daina zuwa. Aurenta na nan, takardarta na nan. Zuciyarta ta ce, miƙa mana, ina ruwanki. Sai ta dubi layin yaran nan da ke gabanta, baƙaƙe da farare, kowa riƙe da hannun ɗan'uwansa. Abin nan in ya bar hannunta ba kogi za shi ba. Cikin unguwa zai koma. Wata uwar ce za a buga wa ƙofa.

Ta kamo rigar Malam Fatawu.

"Malam, don girman Allah ka kwashe yaran nan ku yi gaba. Ku yi nisa. Ka riƙe mini hannun Humaira, kada ka bari ta waigo."

Ya dube ta, ya dubi jakar, barkwancin ya bar fuskarsa. Bai tambaye ta komai ba. Ya tafa hannu ya ce wa yara a yi tseren zuwa wajen malama.

Akwai 'yan sanda biyu tsaye a gefe. Karimatu ta nufe su, ta ajiye jakar a ƙasa a hankali kamar mai kwantar da jariri, ta ja da baya, ta ɗaga hannuwa.

"Please. There is gun in my bag. My husband put it."

Kafin ta rufe baki mai tabo ya ɓace. Abin da ya biyo baya kuwa, ihu, gudu, a kwanta, a kwanta. Aka rufe tasha. Wasu suka zo da manyan bindigogi. Kuncinta a kan tayil mai sanyi, gwiwar wani a bayanta, hijabinta ya zame. Humaira kuma ta waigo. Ta ƙwace daga hannun Malam Fatawu tana kiran "Mama! Mama!" har aka ɗauke ta cak. Da wannan muryar Karimatu ke kwana har yau.

'Yan sanda sun je gidan a ranar. Masawudu ya riga ya tsere, an ce yana wani gari a arewacin ƙasar, an ce ya ƙetare ruwa. Maharazu suka tarar, cikin farar jallabiya, Ahmad a kafaɗa. Ya yi salati, ya zubar da hawaye. Ya ce bai taɓa ganin bindiga a gidansa ba. Ya ce bai san wani Aziz ba, bai ba da wani saƙo ba. Ya ce matarsa ta daɗe ba ta cikin hayyacinta, ba ta ci, ba ta barci, tana ta sambatun wai ana bin 'yarta, har ta taɓa tambayarsa ko ta nemi makami. Ya ce ya yi ta ba ta haƙuri.

Aka duba ƙarfen. Shatin yatsun mutum ɗaya aka samu a jiki, har a kan kunamar. Na Karimatu. Shi ya sa Masawudu ya zazzage mata ita daga safa. Ledar kuwa da salatif ɗin, Maharazu da safar hannu ta wanke-wankenta ya naɗe su, ita ta tuna ta ga safar a kan gado da safen nan ta yi mamaki. To wa zai karɓi shaidar safar wanke-wanke?

Lauyarta ta gaya mata gaskiya. A dokar ƙasar nan, wanda aka kama da irin wannan bindiga shekara biyar ce mafi ƙaranci, sai in alƙali ya ga wani dalili na daban. Kai kanta da ta yi zai taimaka. Malam Fatawu ya ce zai tsaya ya faɗi abin da ya gani, Allah ya saka masa. Amma abin da zai wanke ta tas shi ne wani daga cikin gidan ya buɗe baki.

An ba da belinta da sharaɗin kada ta taka Tottenham, kada ta kusanci makarantar. Yaran na hannun ubansu. Tana ganinsu a wani ofis, wata ma'aikaciya na zaune a gefe tana kallo. Ahmad ya fara ɓuya a bayan kujera in ya gan ta. Humaira ta daina amsa Hausa gaba ɗaya. Zuwan ƙarshe ta tambaye ta, "Daddy said you're sick. Are you sick, Mama?"

Yanzu a Catford take, a ɗakin wata tsohuwa da ta buɗe mata ƙofa lokacin da kowa ya rufe tasa. Ta rame har zobenta na zamewa. Ba ta riƙe jaka. In za ta fita, makulli da katin mota a hannu take riƙewa.

Ku ji kuma abin da mutanenmu ke faɗa. Hajiya ta aiko daga Kano cewa Karimatu ta tona asirin gida, ta raba ta da autanta, ba ta yafe ba. Alhaji Is'haq ya ce ai da ta zo ta yi masa bayani sosai da an san yadda aka yi, shi da ya ɗaga mata hannu ya sallame ta da dabino. Matan ƙungiya, waɗanda suka ci tuwonta suka ari tukwanenta, sun cire ta daga group ɗinsu na waya. Wata har cewa ta yi, "Ita ma da rawar kai. Saƙo aka ba ki, ki miƙa mana ki wuce. Wa ya aike ki matsawa?" Kun ji fa. Laifinta shi ne ta matsa saƙo. Ba laifin wanda ya cusa bindiga a cikin 'ya'yan mutane ba. A cikin masu wannan maganar akwai waɗanda 'ya'yansu ke cikin jirgin nan a ranar, suna zaune kusa da jakar.

Maharazu kuwa yana nan. Ran Juma'a yana sahun gaba. Har yanzu shi ne sakatare. A taron da ya wuce ya tashi ya roƙi a sa iyalinsa a addu'a, Allah ya ba matarsa lafiya, aka shafa, wasu har da share ido.

To mu ba mu shafa ba. Ranar shari'a na matsowa, kuma ba Karimatu ce ya kamata ta tsaya a akwatin masu laifi na kotu ita kaɗai ba. Alhaji Is'haq, kai da ake kai wa ƙara, ka kira shi gaban jama'a, ka ɗora masa Alƙur'ani, ka tambaye shi wa ya sayo kilishin. Ku matan da kuka san ƙamshin gaskiya kuka toshe hanci, ku tambaye shi ina ƙaninsa yake, wa ya saya masa tikiti. Hajiya, ki tambayi ɗanki inda bakin bindigar ya dosa lokacin da jikarki ke zaune a gefen jakar.

Kai kuma Maharazu, kai ka ja zif ɗin nan. Kai ka shafa kan 'yarka ka ce Allah ya tsare. Ka cire jallabiyar, ka tako da ƙafarka zuwa kotu, ka buɗe bakin nan da kake wa'azin tarbiyya da shi, ka faɗa wa alƙali abin da ka naɗe. Humaira ta yi tambaya, kuma ba uwarta ce za ta amsa ba. Fito ka amsa.